Shafin da ya ƙi buɗuwa a wayar manomi: nazarin lamarin wani shagon kayan gona a Gombe

## Asalin lamarin

Shagon yana cikin garin Gombe, ba nisa da kasuwar Tudun Hatsi. Yana sayar da taki da iri da maganin ciyawa da na ƙwari da injin feshi na goyo. Mai shi dattijo ne da ya daɗe a harkar, kuma yawancin masu saye a wurinsa ba mazauna birni ba ne. Manoma ne da ƙananan dillalai daga Kumo da Dukku da Bajoga, da masu noman rani na gefen madatsar ruwa ta Dadin Kowa. Da yawansu ba sa zuwa da ƙafarsu. Su bugo waya ko su turo saƙon murya ta WhatsApp, a ɗaure kaya a kai tasha a ba direba.

Abin da ya daɗe yana ci wa Alhaji, mai shagon, tuwo a ƙwarya shi ne ƙorafi. Duk damina sai an samu masu cewa maganin bai ci ciyawa ba, ko kuma ya ƙone musu shuka. In aka bi diddigi, sau da yawa laifin yana wurin haɗawa. Wani ya zuba magani a busasshen tanki sannan ya ɗura ruwa, wani ya auna da gwangwanin madara bai duba takardar jikin kwalba ba, wani kuma ya yi feshi iska tana kaɗawa. Yaran shago kan ɓata lokaci mai yawa a waya suna maimaita bayani ɗaya.

A watan Janairun 2025 babban ɗansa ya kawo shawarar a buɗe shafin intanet mai ɗauke da farashi, da maɓallin WhatsApp, da zane mai motsi da zai nuna yadda ake haɗa maganin feshi. Aka ɗauki wani saurayi da ya karanta ilimin kwamfuta, yana aiki daga ɗakinsa a Pantami, tare da wata matashiya mai zane da ta saba yin bidiyon talla da katin biki da manhajar After Effects. An yi ciniki a kan biya kashi uku. Ba a ambaci nauyin shafin ba, ba a kuma ambaci irin wayar da za a gwada shi a kai ba.

A watan ne kuma Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba.

## Fabrairu 2025: hotunan GIF

Mai zanen ta fitar da abubuwa uku. Na farko shi ne darasin feshin, tsawon daƙiƙa 20: manomi, tanki, kwalba, ruwa yana hawa. Sauran biyun ado ne, buhun taki yana juyawa a saman shafi, da masara tana tsirowa daga ƙasa. Maginin shafin ya nemi a ba shi su a tsarin GIF saboda ana saka shi da layi ɗaya kamar kowane hoto, kuma da kansa yake motsi.

GIF tsohon tsari ne da kamfanin CompuServe ya fitar a 1987. Launi 256 kaɗai hoto ɗaya yake ɗauka, ba ya ɗaukar sauti, kuma matsewarsa ba ta kama ƙafar ta bidiyon zamani ba. Fayilolin uku suka tashi megabait 14.

An gwada shafin a kwamfutar maginin da kuma babbar wayar Alhaji, duka a kan wayafai (Wi-Fi) na shagon. Ya buɗe nan take. Aka biya kashi na biyu, aka fara tura adireshin ga masu saye.

Cikin mako uku amsa ta fara dawowa. Wani dillali daga Dukku ya ce shi fari fat yake gani, ya jira ya gaji ya rufe. Wani ya ce ya buɗe sau biyu sai saƙo ya shigo cewa datarsa ta kusa ƙarewa. Lissafin a fili yake: layin da ke kawo megabit 1.6 a daƙiƙa zai ci daƙiƙa 70 kafin ya sauke megabait 14, tunda megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya.

Akwai matsala ta biyu ga waɗanda suka yi haƙurin jira. Ba a rubuta faɗi da tsawon hotunan a cikin kod, wato rubutun umarnin da aka gina shafin da shi, ba, don haka burauza, manhajar da ake buɗe shafi da ita, ba ta keɓe musu wuri. Da zarar hoto ya gama sauka sai ya ture duk abin da ke ƙarƙashinsa. Mutum ya kai yatsa kan maɓallin WhatsApp, maɓallin ya zame ƙasa, ya taɓa wani abu dabam.

## Maris zuwa Afrilu: Lottie, da ɗan gwajin Rive

Azumi ya faɗo a Maris, aikin ya ja har bayan ƙaramar sallah. Maginin ya koma ga Lottie, kayan aikin nuna zane mai motsi wanda kamfanin Airbnb ya fitar a 2017. Yana aiki ne da wani ƙari na After Effects mai suna Bodymovin da Hernan Torrisi ya ƙirƙira. Maimakon a ajiye hotuna jere da juna, sai a rubuta bayanin zanen a fayil ɗin rubutu mai tsarin JSON: ga da'ira a nan, za ta matsa zuwa can cikin rabin daƙiƙa, launinta kaza. Burauzar mai kallo ce take karanta bayanin ta zana.

Fitarwar farko ta tashi megabait 1.9, domin mai zanen ta saka ainihin hotunan kwalaben magani da aka ɗauka da kyamara, su kuma Lottie ba ya mayar da su layi da siffa, cusa su yake yi cikin fayil ɗin yadda suke. Inuwa da dushi-dushin da ta ƙawata zanen da su ma ba su fito daidai ba. Ta sake zana kwalaben da hannu, ta cire inuwar. Fayilolin uku suka dawo kilobait 420, ban da kod ɗin Lottie kansa da dole burauza ta sauke kafin komai ya motsa.

Yanzu shafin yana buɗuwa cikin kamar daƙiƙa shida a layi mai rauni. Sai ƙorafin ya sauya kama. Motsin yana tsattsayawa, waya tana ɗaukar zafi, in an taɓa maɓalli sai an ɗan jira kafin ya amsa. Nauyin da aka sauke daga kan data ya koma kan injin wayar. Zane uku ne suke zagayawa babu tsayawa, har da waɗanda ba sa kan allo, kuma lissafinsu yana bin layin aiki ɗaya da wanda burauza take sauraron taɓawar yatsa da shi.

A tsakiyar Afrilu maginin ya gwada Rive, manhajar da aka gina don zane mai amsa taɓawa. Fayil ɗin zanen ya yi ƙanƙanta kuma motsin ya yi sumul a kwamfutarsa. Ya ajiye ta saboda dalili biyu. Injinta na WebAssembly, wato kod ɗin da ke gudanar da zanen a burauza, sai an sauke shi tukuna kafin a ga komai, sannan mai zanen za ta sake koyon sabuwar manhaja ta sake aikin daga tushe, alhali kuɗin da aka yi ciniki a kai bai haɗa da wannan ba.

## Mayu: GSAP ya zama kyauta

GSAP ɗaya ne daga cikin fitattun kayan aikin motsa abubuwa a shafin intanet. Kamfanin Webflow ya sayi GreenSock, masu shi, a Oktoban 2024, kuma a ƙarshen Afrilun 2025 aka sanar da cewa dukkan ƙarin kayan aikinsa da a da sai da kuɗi, irin su SplitText da MorphSVG, sun zama kyauta ga kowa. Ga saurayin da ba ya da halin biyan dala duk shekara, wannan babban labari ne. Cikin kwana goma ya sake fasalin shafin.

Babban rubutun kan shafin yanzu yana faɗowa harafi bayan harafi. Kowane katin kaya, wato hoton buhu ko kwalba da farashinsa, yana ɓoye har sai an gungura an iso kansa, sannan ya shigo daga gefe. Darasin feshin an ɗaure shi da gungurawa: kana jan shafi ƙasa, ruwa yana hawa cikin tanki. Wasu sassan kod ɗin wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ce ta rubuta masa, ya liƙa su yadda suka zo tunda sun yi aiki a kwamfutarsa.

Alhaji ya ji daɗin wannan zubin fiye da duk na baya. Ya riƙa nuna wa abokansa a shago.

Abu uku suka biyo baya. Na farko kuma mafi muni, masu amfani da burauzar Opera Mini a yanayinta na tsananin tattalin data ba sa ganin farashi ko ɗaya. A wannan yanayin sabar kamfanin Opera, wato babbar kwamfutarsa, ce take buɗe shafin, ta matse shi, ta turo wa waya, don haka kod ɗin da ke jiran a gungura ba ya samun labarin an gungura. Katunan da aka ɓoye don su shigo da salo sai suka zauna a ɓoye. Haka ma wanda layinsa ya yanke kafin kod ɗin ya gama sauka, shafi ne mai kai babu jiki yake gani.

Na biyu, salon rubutun da aka zaɓa don kan shafin ba shi da ƙ da ɗ da ɓ. Burauza tana aro su daga wani salon, kuma da yake kowane harafi shi kaɗai yake faɗowa, bambancin ya fito ɓaro-ɓaro, wasu haruffan sun fi 'yan'uwansu kauri da tsawo.

Na uku, tsattsayawar ba ta tafi ba. Ga shi hadari ya fara haɗuwa, manoma sun fara neman maganin ciyawa, Alhaji kuma ya riƙe kashi na uku na kuɗin.

## Ƙarshen Mayu: awo a kan wayar yaron shago

Sai a wannan gaɓar aka fara aunawa. Maginin ya ari wayar ɗaya daga cikin yaran shagon, ƙaramar itel mai gigabait biyu na ƙwaƙwalwar aiki, ya haɗa ta da kwamfutarsa ta wayar USB, ya buɗe kayan binciken da ke cikin Chrome, ya ɗauki daƙiƙa goma na gungura shafin.

Allon yawancin irin waɗannan wayoyi yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa. Ke nan burauza tana da milisakan 16 da ɗoriya (milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya) ta gama duk abin da za ta yi kafin hoto na gaba, in ta wuce haka ido zai ga tsalle. A jadawalin binciken, ruwan ɗorawa yana nuna lokacin da kod ya ci, shunayya lokacin lissafin matsayin abubuwa, kore kuma lokacin fenti. Jadawalin shafin ya cika da shunayya, hotuna da yawa suna cin milisakan 60 zuwa 90.

Da ya bi sawun shunayyar sai ta kai shi kan kod ɗin da ya liƙa. Katunan suna shigowa ne ta hanyar sauya left, wato nisansu daga gefen hagu, ruwan tankin kuma yana hawa ta hanyar sauya height, wato tsawonsa. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, dole burauza ta sake lissafin inda abubuwan da ke kewaye za su zauna, kamar mai shagon da duk sanda ya ja buhu ɗaya sai ya sake jera rumfar gaba ɗaya. Su kuwa transform, mai matsar da abu ko miƙe shi, da opacity, mai bayyana shi ko dusashe shi, ba sa taɓa matsayin kowa. Burauza tana iya miƙa su ga sashen zane na wayar ya matsar da abin da an riga an fenta.

Ya kuma gudanar da Lighthouse, manhajar Google ta auna saurin shafi, wanda yake kwaikwayon waya mai matsakaicin ƙarfi ta hanyar rage gudun injin kwamfuta ninki huɗu da matse layi zuwa megabit 1.6. Ma'aunan da Google ya sa wa shafi mai lafiya su ne: babban abin da ke allo ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, makin zamewar abubuwa kada ya wuce 0.1, amsa taɓawa kuma kada ta wuce milisakan 200. A gwajin Lighthouse shafin ya faɗi a na farko da na biyu. Na ukun kuwa a wayar yaron aka auna shi, nan ma ya faɗi.

Mai zanen ce ta ce a je a ga masu kallon da ido. Suka bi motar kai kaya zuwa Dadin Kowa, suka miƙa wa manoma shida wayar ɗaya bayan ɗaya a bakin gona, aka ce kowa ya duba yadda ake haɗa maganin, ba a yi masa ƙarin bayani ba.

Wani magidanci ya karɓa, ya goge hannunsa a jikin riga, ya juya wa rana baya, ya kare allon da tafin hannu. Koren da aka yi wa ruwan maganin mai haske ne, a cikin rana bai bambanta da farin bango ba. Ya ja shafin da babban yatsa, ruwan ya haye tankin a tashi ɗaya, kwalbar ta zo ta wuce. Ya danne allon da yatsa yana so ya tsayar da shi, sai ga akwatin kwafe rubutu ya fito. Ya miƙa wa maginin wayar ya ce, “Malam, ai gudu yake yi. Ba ya magana ne?”

Huɗu daga cikin shidan sun nemi murya. Uku ba su karanta rubutun ƙarƙashin zanen ba sam. Babu ko ɗaya da ya yi maganar buhun da ke juyawa ko masarar da ke tsirowa.

## Yuni: gyaran

An fara da tattaunawa da Alhaji, kuma ba ta zo da sauƙi ba. Ya ce shi kuɗin abu mai motsi ya biya, ga shi ana so a mayar masa da takarda. Maginin bai yi musu ba. Ya ajiye wayar yaron shagon a kan tebur, ya kashe wayafai, ya ce, “Alhaji, ranka ya daɗe, a gwada a wannan, irin ta masu sayen ce.” Alhaji ya gwada. Bayan ɗan shiru ya ce, “To ɗana, yi abin da ka ga ya dace, amma ka bar mini ko da tambarin shago ya ɗan motsa.” Aka bar masa. Tambarin yana bayyana a hankali cikin ƙasa da rabin daƙiƙa, sau ɗaya, ya tsaya.

Farashi da sunayen kaya da maɓallin WhatsApp suka koma rubutun HTML tsantsa, wato ainihin rubutun da ke jikin shafi, a bayyane tun farko, ba sa jiran kowane kod. Kowane hoto an rubuta masa faɗi da tsawo. An cire buhun da masarar. An bar salon rubutu na musamman aka koma wanda ke cikin wayar, ƙ da ɗ da ɓ suka daidaita.

Darasin feshin shi ya ci yawancin aikin. An raba shi mataki shida: sa safar hannu da abin rufe hanci, zuba ruwa zuwa rabin tanki, auna magani yadda takardar jikin kwalba ta ce, zuba shi a cika da ruwa, rufe a girgiza, sannan a duba iska kafin a fara. Kowane mataki yana motsi na daƙiƙa biyu zuwa uku ya tsaya cak, ba ya wucewa sai an taɓa babban maɓallin “Gaba”. Akwai “Baya” da “Maimaita”. Da gangan ba a sa adadin magani a zanen ba, tunda kowane magani da nasa ma'aunin. Zanen yana nuna yatsa a kan takardar kwalba ne, muryar kuma ta ce a duba nan ko a tambayi shago.

Mai zanen ta sake zanen a tsarin SVG, wanda ke ajiye zane a matsayin layi da siffa, da layi masu kauri da launuka masu duhu. Bayan an rage masa nauyi da manhajar SVGO ya tsaya a kilobait 38. An ware sassan da ke motsi, ruwa da kwalba da hannu, kowanne a kansa, don kada motsin ɗaya ya sa a sake fentin duka. Ruwan yanzu yana hawa ne da transform, ana miƙe shi daga gindin tanki zuwa sama, ba a taɓa tsawonsa. Motsin duka da CSS aka yi shi, wato ƙa'idojin tsara kamannin shafi da burauza take fahimta da kanta. Kod ɗin da ke kula da maɓallan bai kai kilobait uku ba, kuma in bai sauka ba, matakan shida suna fitowa a jere a matsayin hotuna marasa motsi da rubutu a ƙarƙashinsu. Abin da masu Opera Mini suke gani ke nan. Wanda kuma ya saita wayarsa a kan rage motsi, ana gane hakan ta alamar prefers-reduced-motion da burauza take bayarwa, shi ma hotunan tsaye yake samu.

Muryar babban yaron shagon aka ɗauka, tunda shi masu saye suka saba ji a waya. Kowane mataki da ɗan fayil ɗinsa na sauti, ba ya sauka sai an taɓa alamar lasifika.

A ƙarshe aka haɗa matakan da muryar aka fitar da bidiyon MP4 na daƙiƙa 45 da manhajar ffmpeg, nauyinsa kilobait 900, don turawa ta WhatsApp. Wannan ba ya cikin cinikin farko. Mai zanen ce ta ƙara shi.

## Yuli zuwa Satumba: abin da aka samu

Shafin ya sauko daga megabait 14 a Fabrairu zuwa kilobait 310 a buɗewar farko. A wayar yaron shagon, kan datar waya, farashi yana bayyana cikin kamar daƙiƙa biyu. Zamewar abubuwa ta tsaya, maɓallai suna amsawa nan take, wayar ba ta zafi. Alhaji ya biya kashi na uku a farkon Yuli.

Saƙonnin neman kaya da suka shigo ta maɓallin shafin sun ƙaru, amma lokacin ya yi daidai da tsakiyar damina, sanda ciniki kan tashi da shafi ko babu shafi. Abin da yaran shagon suka fi lura da shi shi ne sauyin kiran waya. Mai tambayar yadda ake haɗawa, a tura masa bidiyon, magana ta ƙare. Bidiyon ya yi tafiyar da shafin bai yi ba. Dillalai sun riƙa tura shi a zaurukansu, har wani daga Nafada da bai taɓa saye a shagon ba ya kira, ya ce lambar da ke ƙarshen bidiyon ya gani. Ƙorafin ƙonewar shuka bai ɓace ba, amma littafin da yaran suke rubuta shi a ciki ya nuna ya ragu idan aka kwatanta da daminar da ta gabata.

## Hukunci

A ganina babu ɗaya daga cikin kayan aikin nan da ya gaza a abin da aka ƙera shi ya yi. Lottie yana da kyau ga ƙaramin zane ɗaya mai layi tsantsa, wanda zai yi motsinsa ya tsaya. GSAP kansa yana motsa abubuwa da transform cikin sauƙi in an umarce shi da haka, kod ɗin da aka liƙa ne ya umarce shi da left da height. Rive ya dace da inda motsi mai amsa taɓawa shi ne ainihin kayan da ake sayarwa. GIF ne kaɗai zan ce a daina sa shi ga duk abin da ya wuce daƙiƙa biyu ko uku, tunda MP4 yana yin aikin da kaso kaɗan na nauyinsa.

Wata huɗu sun tafi saboda kowane zagaye an sauya manhaja ne ba a auna ba. Wayar da ta tona asirin shafin tana cikin aljihun yaron shago tun Janairu, kuma haɗa ta da kwamfuta bai ci awa ɗaya ba. Ina ganin wannan ya fi komai muhimmanci ga maginan shafi a garuruwanmu, domin darussan da suke koyo da su a YouTube ana yin su ne a kan manyan kwamfutoci da layi mai ƙarfi, alhali masu buɗe aikinsu Tecno da Infinix da itel ne a hannunsu, da datar da ake saye kaɗan-kaɗan. Haka kod ɗin da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta: yana iya yin aiki daidai a ido ya kuma zama mai nauyi, kuma ba zai faɗa maka ba sai ka buɗe jadawalin ka duba.

Awon kwamfuta shi kaɗai ma da bai isa ba. Da an tsaya a gyaran transform, da an samu darasi mai tafiya sumul wanda har yanzu yake gudu, ba ya magana, ba a kuma ganinsa a rana. Zuwa Dadin Kowa ne ya kawo maɓallin “Gaba” da murya da launi mai duhu, kuma su ne suka mayar da zanen abin koyarwa. A nan yabo na mai zanen ne, wadda ta nace a je, ta kuma yarda ta zubar da inuwa da adon da ta ɓata dare tana yi.

Ban ga laifin Alhaji ba da ya so shafinsa ya burge. Ɗan kasuwa ne, kuma abin da aka nuna masa a wayarsa kyakkyawa ne da gaske. Nauyin gaya masa cewa wayarsa ba irin ta masu sayensa ba ce yana kan wanda ya san aikin, kuma wurin faɗar hakan shi ne ranar ciniki, kafin a karɓi kashi na farko.

Sababbin hanyoyi suna ta shigowa cikin burauza kanta. Chrome ya kawo View Transitions, hanyar sauya abin da ke allo da motsi, a siga ta 111 a Maris 2023, ya kawo motsin CSS mai bin gungurawa a siga ta 115 a Yulin shekarar, kuma duka biyun suna rage buƙatar ɗauko kod mai nauyi daga waje. Shawarata ita ce a yi amfani da su a matsayin ƙari kawai, yadda wayar da burauzarta ta tsufa za ta ga komai a tsaye ba tare da ta rasa farashi ko maɓalli ba.

Shagon ya ba su aiki na biyu don noman rani, darasin haɗa injin ban ruwa da tiyo. A wannan karon an rubuta a takardar ciniki cewa buɗewar farko ba za ta wuce kilobait 500 ba, kuma a wayar yaron shago za a karɓi aikin, wayafai a kashe. Dillalan Dukku da Nafada kuma sun nemi a yi musu darasin feshin da Fulatanci. Tunda muryar daban take da zanen, fayil shida na sauti ne kawai za a sake ɗauka, sai a sake fitar da bidiyon.